Waƙa Ta Bar Fada Ta Shigo Ɗaka: Uwargida, Kin San Abin Da Ke Wayar Yaranki?

Uwargida ran gida, kin taɓa jin 'yar autarki da ba ta gama iya magana ba tana rera wata waƙa daga farko har ƙarshe, alhali ke ba ki taɓa kunna ta a gidanki ba? Idan kika tambayi inda ta jiyo ta sai a ce miki a wayar yayanta ne, ko a gidan maƙwabta. Idan kika ƙara tambayar wane ne mawaƙin, sai a kira miki wani suna da ba ki taɓa ji a rediyo ba. Ba mamaki ma yaron unguwarku ne, a nan Birnin Kabi ko Argungu, wanda kike amsa gaisuwarsa kullum da safe.

Ƙasar Kabi ba baƙuwar kiɗa da waƙa ba ce. Duk wadda ta taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ta ga yadda makaɗa ke bin masunta cikin jirage a kogin Matan Fada suna zuga su. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. A fada kuwa akwai makaɗa irin su Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi zamani a Argungu kafin ya koma Yawuri, da ɗansa marigayi Sani Aliyu Ɗandawo. Mata ma ba a bar mu a baya ba, da kiɗan ƙwarya da waƙoƙin daka da na reno.

Ƙofofin da aka cire

A da, kafin waƙa ta iso kunnenki sai ta bi ta ƙofa-ƙofa. Makaɗin fada yana da ubangida, ya san idan ya saki baki akwai mai tsawata masa. Gidajen rediyo irin su Rima da ke Sakkwato da Rediyon Tarayya na Kaduna suna da masu sauraren faifai kafin a sa shi. Da kaset ya zo, sai 'yan kasuwar Kano suka zama masu zaɓen abin da za su zuba wa kuɗi, daga baya kuma Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001.

A wannan shekara ta 2001 ce wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, kuma a hankali ƙofofin nan suka fara faɗuwa. Da farko masu shagon cajin waya ne ke tura wa mutane waƙoƙi a memori. Sai ga Facebook da aka buɗe a 2004 da YouTube a 2005 da WhatsApp a 2009, sannan Audiomack da Boomplay da TikTok. Yau saurayi na iya shiga ɗan ƙaramin sitidiyo da safe, mai fiyano ya haɗa masa kiɗa a kwamfuta, kafin la'asar waƙar ta hau intanet, kafin dare ana jin ta a Dosso da Yamai da zangon Kumasi. Bai nemi izinin kowa ba, babu kuma wanda ya saurare ta kafin ta fita.

To yanzu wane ne ubangidan mawaƙi? Mai sauraro ne. Waɗannan manhajoji an gina su ne a kan ƙidaya: duk waƙar da aka kalla har ƙarshe, aka maimaita, aka tura wa wani, ita za su ƙara tura wa dubban mutane. Na'ura ba ta san yabo ba, ba ta san tsinuwa ba. Idan kika tura wata waƙar batsa a zauren WhatsApp na danginku kina cewa "ku ga lalacewar zamani", to kin yi wa mai ita talla kyauta.

Mu mata muna da ƙarfi a wannan kasuwa fiye da yadda muke zato. Ki tuna 2020, lokacin kullen korona, da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasar Hausa. Abin da ya ƙara ɗaga ta shi ne bidiyon matan aure suna taka rawa a gaban mazajensu, aka riƙa ɗorawa a intanet, har malamai suka yi ta magana a kai. Mawaƙi ya ƙara suna, amma matan fa? Abin da aka yi a cikin ɗaki ya zama abin kallon duniya, kuma magana zarar bunu ce. Ko mai bidiyo ta goge nata, ba ta da ikon goge wanda wasu suka riga suka sauke.

Idan ɗanki ne mawaƙin fa?

Malamai sun daɗe suna bayani a kan hukuncin kiɗa, kuma kowane gida ya san malaminsa. Amma akwai abin da ya kamata uwa ta sani na zahiri, domin yara da yawa suna barin karatu ko sana'a bisa zaton da zarar waƙa ta hau intanet kuɗi za su fara zuba.

Ba haka abin yake ba. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da mai tasha a kan dogayen bidiyo, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ba a turo masa komai sai abin da ya tara ya kai dala 100. Kuɗin tallar da ake samu daga masu kallo a Nijeriya kuwa bai kama ƙafar na Amurka ko Ingila ba. Waƙar da ta zaga gari ta WhatsApp ko ta memori ba ta kawo wa mai ita ko sisi. Sau da yawa ma wani ne daban zai ɗauki waƙar ya ɗora a tasharsa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ke riƙe yawancin mawaƙanmu har yau shi ne liƙin biki da waƙar amarya da ango da ta 'yan siyasa. Intanet allon talla ce kawai.

Don haka idan ɗanki ya nace, ki zauna da shi ke da mahaifinsa. Kada ya saki makaranta ko sana'ar hannunsa. Ya buɗe tasha da sunansa, ya riƙe lambobin sirrinta da kansa. Kada ya sa hannu a wata takarda da mai sitidiyo ko wani mai cewa zai ɗaukaka shi sai wani babba mai ilimi ya karanta, domin akwai dokar haƙƙin mallaka da aka sabunta, aka sa mata hannu a 2023, kuma tana kare wanda bai sayar da haƙƙinsa da hannunsa ba. Sannan ki ce ya riƙa jiyar da ke waƙa kafin ya sake ta. Baitin da zai ji kunyar rerawa a gabanki bai kamata 'ya'yan wasu su ji shi ba. Zambo da habaici kuwa, wanda a da ake yi a dandali a watse, yanzu shaida ce da za a iya kunnawa a gaban alƙali.

Idan 'ya mace ce ake nema ta yi amshi, hattara ta ninka. A san sitidiyon, a san mai shi, a san lokacin zuwa da dawowa, kada ta tafi ita kaɗai, a kuma yi magana tun farko ko murya kawai za a ɗauka ko har da hoto. Wata rana masu binciken aure za su zo, kuma yanzu da waya suke fara bincike.

Alherin da ke ciki

Kada ki ɗauka komai sharri ne. Albarkacin masoya waƙa da ke ɗora tsofaffin faifai, yau za ki iya jiyar da yaranki Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Barmani Choge, su ji Hausar da ta fara ɓace musu. Akwai matasa masu waƙoƙin tarbiyya da na darajar iyaye da na noman shinkafar fadamarmu, waɗanda ba su da ubangida sai mai sauraro irinki. Su ne suka cancanci ki tura wa ƙawaye.

Ƙwace waya da faɗa ba sa hana yaro ji, sai dai su koya masa ɓoyewa. Ƙa'idar TikTok da Facebook da kansu ita ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, don haka ba ki zalunci ɗan firamare ba idan kika hana shi. Ga ƙanana akwai YouTube Kids, ga manyansu kuma TikTok na da tsarin haɗa wayar uwa da ta ɗa don taƙaita lokaci. Abin da ya fi duka shi ne ki ce, "Zo ka kunna mini wadda kuke yayi," ki saurara har ƙarshe, sannan ki tambaye shi ma'anar baitin da ya tsaya miki a rai. Sau da yawa za ki tarar bai taɓa tsayawa ya yi tunanin abin da bakinsa ke maimaitawa ba.

Fada ta saki, rediyo ya saki, ɗan kasuwa ya saki. Ƙofar da ta rage ita ce ta ɗakinki, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.