Yadda Amurkawa ke gano gonakin kakanninsu da tsofaffin taswirori

A Amurka, masu binciken asalinsu na amfani da taswirorin gundumomi na ƙarni na 19 domin gano inda gonakin kakanninsu suke.

Taswirorin dai suna nuna iyakar kowace gona, da sunan mai ita, galibi har da yawan ekarta.

Abin da ya sa suke da amfani har yau shi ne tsarin awon ƙasa da aka kafa a shekarar 1785.

A ƙarƙashin tsarin, an yanka ƙasa zuwa yankuna masu mil 6 a kowane gefe, aka kuma raba kowane yanki gida 36, kowane gida eka 640 ne, da lambarsa.

Har yanzu da waɗannan lambobi ake rubuta takardun filaye a jihohi irin su Kansas da Nebraska. Don haka wanda ya sami lambar gonar kakansa, sai ya nemo ta a taswirar zamani ko hoton tauraron ɗan'adam, ko da wurin ya zama unguwa.

Sai dai taswirorin ba sa ambaton manoman haya. Haka kuma a jihohin gabas, inda aka shata iyakoki da itatuwa da duwatsu, alamomi da dama sun ɓace.

Gano gonar kuma ba ya mayar da ita hannun magada, idan an riga an sayar da ita bisa doka.