Ranar da agogon wasu na'urori zai koma 1901

Mai POS a kasuwar Jabo bai cika kula da agogon na'urarsa ba, matuƙar kuɗi na shiga, rasit na fita. Amma da kwanan wata banki yake tantance ciniki, kuma akwai ranar da masana suka daɗe da sa wa ido: Talata, 19 ga Janairu, 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya.

Na'urori da yawa ba su san wata ko shekara ba. Daƙiƙoƙi suke ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu, 1970, sannan su lissafo kwanan wata daga jimillar. Tsofaffin, masu tsarin bit 32, suna ajiye ƙirgen a gurbin da bai ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. A wancan daren gurbin zai cika, lissafi ya kife, kamar mitar kabu-kabu da ta ƙure lambobinta. Ita dai sifili take komawa. Shi kuwa agogon can zai faɗa 13 ga Disamba, 1901, lokacin da Turawa ba su ma ci Sakkwato ba, sai a 1903. Na'urar da ta ɗauka a 1901 ake tana iya ƙin haɗuwa da banki, ko ta rikita tarihin ciniki.

An riga an yi maganin tushen matsalar. Linux, wanda shi ne ƙashin bayan wayoyin Android, ya samu gyaran a fitowa ta 5.6 cikin Maris 2020, bayan aikin shekaru da Arnd Bergmann ya jagoranta. An faɗaɗa gurbin zuwa bit 64, wanda zai kai shekara biliyan 292 bai cika ba.

To ina abin tsoron? Yana ga kayan araha da ake kafawa a manta da su: kyamarar tsaro, akwatin intanet, tsohuwar kwamfutar ofis. Gyaran bai isa gare su sai an sabunta manhaja, wasu kuwa masu ƙera su sun daɗe da yin watsi da su.

Don haka in waya ta nemi sabuntawa, a daure a sa data a yi. Mai sayen na'urar da zai daɗe da ita ya tambayi dila ko kamfanin na ci gaba da sabunta ta. Wanda kuma ya kira ka yana neman lambar BVN ko PIN wai zai gyara maka agogon asusu, ɗan damfara ne, ka kashe wayar.