Yadda Ake Kare Kaya Daga Ɓatan Ƙwallo a Ɗakin Golf

A hutun da ya wuce na je Kaduna gidan kawuna, na kuwa dawo da wani ilimi wanda sai da na yi ɓarna kafin in same shi. Shi ne nake so in ba ku kyauta.

Kawu mutum ne mai son wasan golf. Wasa ne da ake buga wata 'yar ƙwallo da sanda mai kan ƙarfe, ana neman jefa ta cikin rami da bugu mafi ƙaranci. A ƙasar Sikotilan ya yi ƙarfi tun da daɗewa, har a shekarar 1457 Sarki James na Biyu ya hana shi, don ya ɗauke wa mutane hankali daga koyon harbin baka. Mu ma nan muna da filayensa a Kano da Kaduna da Jos da Abuja. To, da yake ruwan damina yakan hana Kawu fita, sai ya mai da garejinsa filin golf na cikin ɗaki.

Ga yadda abin yake. Akwai tabarma mai ciyawar roba inda ake ɗora ƙwallo. A gaba an rataya wani farin labule mai kauri, majigi yana haska hoton fili a jikinsa. Kusa da ƙwallo akwai na'urar awo. Idan ka buga, na'urar ta auna gudun ƙwallon da juyinta da inda ta nufa, ta aika wa kwamfuta, nan da nan sai ka ga ƙwallonka tana tafiya cikin hoto, alhali ta gaske ta bugi labule ta faɗi.

Ran nan na ce, "Kawu, a ba ni in gwada mana." Ya miƙo mini sanda. Na ɗaga, na kai bugu iyakar ƙarfina. Ai kuwa ƙwallo ba ta ko dubi labule ba, sai ta yi dama, ta daki bututun ƙarfe, ta dawo ta wuce ta gefen kunnen ƙanwata, ta fasa gilashin kwamfutar da ke kan tebur. Jikina ya yi sanyi ƙalau. Kawu ya dubi yarinya ya ga lafiya lau take, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ba laifinka ba ne. Ni na shirya ɗakin nan kamar duk mai shigowa gwani ne."

Kada ku raina ƙwallon golf don ƙanƙantarta. Bisa dokar wasan nauyinta ba ya wuce giram 45.93, faɗinta kuma ba ya kasa milimita 42.67, watau ba ta kai ƙwan kaza girma ba. Amma tauri gare ta kamar dutse, kuma idan aka buga ta da babbar sanda takan tashi da gudun da ya wuce kilomita 200 a sa'a guda. Tsakanin mai bugu da labule wajen mita 3 ne kawai, saboda haka ba ta cika kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin ta isa. Ba wanda zai iya kauce mata.

Kwana biyu muka yi ni da Kawu muna gyaran ɗakin. Abin da na fahimta shi ne, hanya uku ce ƙwallo takan ɓace, kowace kuwa da maganinta.

Hanya ta farko ita ce wadda ta same ni. Idan ƙwallo ta bugi wuyan sanda maimakon fuskarta, sai ta yi gefe a guje. Ga mai bugu da hannun dama, dama take yi, ga bahago kuma hagu. Maganinta shi ne a rataya raga ko labule mai nauyi a gefe biyu, tun daga jikin farin labulen har zuwa daidai inda mai bugu yake tsayawa, kada a bar kafa a kusurwa. A wannan gefen ne na'urar awo mai kyamara take zama, don dole ta ga ƙwallo daga kusa, saboda haka akan saya mata akwatin ƙarfe mai 'yar taga. Akwai kuma mai aiki da rada, ita wannan a bayan ƙwallo ake ajiye ta da wajen mita 2, ta fi samun lafiya.

Hanya ta biyu ita ce sama. Idan kan sanda ya shiga ƙarƙashin ƙwallo da yawa, sai ta miƙe ta bugi silin. Don haka muka kwance fankar sama, muka cire ƙwan lantarkin da ke gaba, muka manna soso mai kauri a silin tun daga labule zuwa kusa da tabarma. Majigin ma muka matsar da shi, muka ɗaure shi a silin ɗan bayan inda ake ɗora ƙwallo, inda ƙwallo ba ta bi kuma sanda ba ta kai. Wanda ɗakinsa ya tilasta masa sa majigi a gaba, to ya yi masa keji, amma ya bar wa iska hanya, don majigi yana zafi ƙwarai. Ɗakin kansa ana so tsawonsa daga ƙasa zuwa silin ya kai wajen mita 3, don kada sanda ta taɓa sama.

Hanya ta uku ita ce ƙwallo mai dawowa, kuma ita ta fi haɗari ga mutum. Idan aka ja labule ya yi tauri kamar fatar ganga, zai maido da ƙwallo kan mai bugu. Sai a sassauta shi kaɗan yadda zai shanye ƙarfinta. A kuma bar tazarar wajen santimita 30 tsakaninsa da bango, in ba haka ba ƙwallo za ta tura shi ta daki siminti ta dawo. Duk bututun ƙarfen da ke riƙe da labule muka naɗe shi da soso, muka shimfiɗa kafet daga tabarma zuwa labule don ƙwallo ta daina tsalle a daɓe.

Bayan wannan sai muka dubi sauran kaya. Kwamfuta da tebur suka koma bayan mai bugu. Tagar gilashi muka rufe ta da katako. Kawu ya kuma kafa doka: mai kallo ya zauna a baya, nesa da inda sanda ke kaiwa, ba kuma a bugu sai an duba ba yaro a kusa. Sabon shiga irina kuwa ya fara da ƙwallon soso tukuna.

Na tambayi Kawu nawa ya kashe wajen raga da soso da kafet. Ya yi dariya ya ce duka-duka ba su kai kuɗin gyaran kwamfutar da na fasa ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce rigakafi ya fi magani. Gilashi dai an sake shi cikin mako guda, amma har yau in na tuna yadda ƙwallon nan ta wuce kunnen ƙanwata sai gabana ya faɗi, don ba kasuwar da ake sayar da ido.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, duk mai niyyar shirya irin wannan ɗaki ya fara tambayar kansa ina ƙwallo za ta bi ranar da aka kuskure, ya toshe nan tukuna kafin ya kunna majigi. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, in mun je gidan mutane aka miƙo mana sanda, mu waiwaya mu ga wa ke kusa kafin mu ɗaga. Allah ya kiyashe mu, amin.