Landan da Hamburg: Wa Ya Riƙe Filin Bakin Ruwa?

Kwantena ce ta kashe tsofaffin tashoshin jiragen ruwa na tsakiyar birane. Tun daga shekarun 1960 kaya suka koma cikin manyan akwatunan ƙarfe, jiragen da ke ɗaukarsu suka fi ƙarfin tsofaffin matsaya, sai harka ta ƙaura inda ruwa ya fi zurfi. Aka bar sito-sito a kulle, 'yan dako a zaune. Landan da Hamburg duk sun gaji irin wannan kufai, kowanne kuma da yadda ya raya nasa.

A Landan, tashoshin gabashin birni da ke bakin Kogin Thames sun gama rufewa a 1981. A shekarar ce gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa hukumar LDDC don raya yankin tashoshin, ta karɓe ikon ba da izinin gini daga ƙananan hukumomin yankin ta danƙa mata. Shugabannin hukumar naɗa su aka yi, babu wanda ya zaɓe su. A 1982 aka yafe wa masu zuba jari a unguwar Isle of Dogs wasu haraji na tsawon shekara goma. Dabarar ita ce kuɗi su fara shigowa, sauran a duba daga baya.

Sun kuwa shigo. Kamfanin Olympia & York na Kanada ya gina Canary Wharf, ya kammala dogon benen One Canada Square mai tsayin mita 235 a 1991. Shekara guda bayan haka kamfanin ya karye. Ga ofisoshi, babu hanyar kirki ta zuwa: ƙaramin jirgin ƙasa na DLR da aka buɗe a 1987 bai wadatar ba, layin Jubilee na ƙarƙashin ƙasa kuma sai a 1999 ya iso. Daga nan wurin ya tashi, manyan bankuna suka tare, kuma ba mai musun cewa an sami nasara ta fuskar ciniki. Amma ƙaramar hukumar Tower Hamlets, wadda benayen suke cikinta, har yau tana sahun gaba a Birtaniya wajen yawan yaran da ke tashi cikin talauci. Ana ganin hadari, ana wanka da kasko.

Hamburg ta makara, kuma makarar ta yi mata rana, domin ta ga abin da ya sami wasu. Kafin magajin gari Henning Voscherau ya bayyana shirin HafenCity na raya tsohuwar tashar jiragen ruwa a 1997, birnin ya riga ya saye filaye da gine-gine a asirce don kada farashi ya tashi. Aka amince da babban tsari a 2000, a kan hekta 157 a bakin Kogin Elbe. Kamfanin da ke kula da aikin mallakar birni ne, yana sayar da fili kaɗan-kaɗan bisa sharaɗi, kuɗin kuma su koma gina tituna da gadoji. Tun da wurin yana wajen babbar madatsar da ke kare birnin, aka ɗaga gidaje da tituna sama da mita bakwai saboda ambaliya, aka bar gaɓar ruwa a buɗe ga kowa. Makarantar firamare ta buɗe a 2009, layin jirgin ƙasa na U4 a 2012.

Kada a ɗauka Jamusawa ba sa tuntuɓe. Zauren kiɗa na Elbphilharmonie, wanda aka fara ƙiyasta wa birni Yuro miliyan 77, ya lashe sama da miliyan 800 kafin a buɗe shi a 2017. Gidajen farko na HafenCity na masu hannu da shuni ne, sai daga 2011 aka matsa cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na sabbin gidaje su zama masu rangwamen haya. A 2023 kuma aikin benen Elbtower ya tsaya cak da kamfanin Signa mai aikin ya kasa biyan 'yan kwangila, abin da ke tuna wa mutum Canary Wharf ta 1992.

Duk da haka, a ganina Hamburg ta fi. Da ta gane gidajenta sun fi ƙarfin talaka, ta iya gyarawa, saboda sauran filin yana hannunta. Landan ta riga ta saki nata tun da wuri, an kuma rushe LDDC a 1998.