Hutun Kwana Bakwai, Huɗu Na Hanya: Lissafin Zuwa Gida Sallah Daga Legas

Da zarar azumi ya raba tsakiya, hirar 'yan Arewa mazauna Legas takan koma guda, daga Agege har Idi-Araba da Alaba Rago: yaushe za ka tashi? Ɗan kasuwa ba shi da matsala sosai, ya rufe shago ko ya bar wa yaro, ya dawo ranar da ya ga dama. Wanda ke cikin tsaka mai wuya shi ne ma'aikacin albashi, na banki ko na kamfani, wanda aka ƙidaya masa kwanaki, kuma ya ƙudurta cewa bana da motarsa zai kai iyali Kano.

Kwanakin da ke hannunsa ba su da yawa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce mafi ƙarancin hutun shekara ga wanda ya cika wata 12 yana aiki shi ne kwana 6 na aiki. Wurare da dama suna ba da fiye da haka, sai dai ba kowa ake bari ya ɗauka lokacin Sallah ba, tunda ba shi kaɗai ke so ba. Gwamnatin tarayya kuwa kwana biyu ta saba bayarwa. A haɗa da Asabar da Lahadi, a roƙi ƙarin kwana uku daga ofis, an sami bakwai. Mutum ya ji bakwai sai ransa ya yi fari, har ya fara jera gidajen da zai shiga.

Hanya ce ke fara yankar kasonta. Daga Legas zuwa Kano ta Ibadan, Akure, Okene, Lokoja, Abuja, Kaduna da Zariya kimanin kilomita 1,100 ne. Ɗaya hanyar, ta Ilori, Jebba da Mokwa, ta ɗan fi gajarta a taswira, amma taswira ba ta nuna rami, ba ta kuma nuna dalilin da ya sa direbobi suka daɗe suna ƙaurace wa yankin Birnin Gwari. Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba 1,100 da gudun 100, a ce awa 11 ke nan, a yi sammako a sha ruwa a gida. Allura tana iya taɓa 100 a wasu wurare, amma ba ita ce ma'auni ba. Abin dubawa shi ne kilomita nawa aka cinye daga tashi zuwa sauka, bayan an saka jerin tireloli na Ogere da Tafa da Mararrabar Jos, da shingayen bincike, da inda ake aikin hanya aka haɗe masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya, da shan mai, da salla, da yaron da ya ce fitsari minti goma bayan an bar gidan mai. A ganina mai iyali ya yi lissafi da kilomita 60 a awa. Hakan ya ba da awa 18 da ɗoriya, rana kuma a ƙasar nan awa 12 take yi ko kusa da haka. Tafiyar ta kwana biyu ce, dawowa ma haka. Cikin bakwai saura uku.

Nan ne shaiɗan ke shigowa da shawara biyu: a ƙara wuta, ko a raba dare.

Ƙara wuta ba ya biya. Ka ce an sami shimfiɗaɗɗiyar hanya ta kilomita 300. Mai gudun 100 zai cinye ta a awa uku, mai gudun 120 a awa biyu da rabi. Ribar minti 30 ce, wadda layin gidan mai ɗaya ya isa ya lashe. Kuɗin da aka biya kuwa ya fi haka, domin nisan da birki ke buƙata ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkin gudun a kansa yake bi: daga 100 zuwa 120 ƙarin kashi 20 ne cikin ɗari, amma tazarar birki ta ƙaru da kashi 44. Akuyar da ta tsallako a bakin ƙauye ba ta san wannan ba. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ma 100 ce ga ƙaramar mota a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi.

Raba dare ya fi muni, kuma ba don 'yan fashi da masu garkuwa kaɗai ba. A 1997 wasu masana biyu a Ostareliya, Dawson da Reid, suka auna mutanen da aka hana barci, suka gano cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, ƙwazonsa na lura da mayar da martani ya yi ƙasa kamar na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi a kanta. Mutumin da ya tashi ƙarfe huɗu na asuba don lodin kaya ya kai wannan matsayi da tara na dare, ko da bai taɓa sanin ƙofar mashaya ba. Gyangyaɗin direba kuma ba irin na mai sauraron wa'azi ba ne. Ido na iya zama a buɗe ƙwaƙwalwa ta ɗauke na daƙiƙa uku ko huɗu, mota mai gudun 100 kuwa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Goro da shayi mai kauri suna jinkirta abin, ba sa biyan bashin. Jiki yana da lokutan da yake yin sanyi da kansa, tsakanin biyun dare da asuba, sai kuma bayan azahar, musamman in an cika ciki da sakwara a Lokoja. A Tarayyar Turai direban babbar mota, wanda tuƙin ne sana'arsa, doka ta tsayar masa da awa tara a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Ma'aikacin ofis da tuƙinsa bai wuce Ikeja zuwa gida ba bai fi shi juriya ba.

Shi ya sa nake ganin tsarin ya kamata ya faro daga ƙarshe. A fara rubuta ranar komawa aiki, a ja baya. Daren da ya gabace ta a Legas za a kwana, ba a Okene ba. Kwana biyu kafin nan na hanya ne, kuma ba a taɓa su. Haɗarin ya fi yawa a dawowa: a zuwa mutum yana da kuzari da ɗoki, a dawowa ya sha yawon gaishe-gaishe da hirar dare, but cike da tsaraba, ga Hajiya tana cewa haba, ka ƙara ko kwana ɗaya mana. Kwanan nan da aka ƙara daga barcin direba ake ciro shi.

Ganin wata ma yana da nasa hukuncin. Babbar Sallah tana da sauƙin tsari, domin da an ga jinjirin Zulhajji an san ranar tun saura kwana tara ko goma. Ƙarama kuwa sai daren 29 ga Ramadan ake jiran sanarwar Sarkin Musulmi. A 2024 gwamnati ta ba da Talata da Laraba, 9 da 10 ga Afrilu, wata bai bayyana ba, aka ƙara Alhamis. Wancan karon ma'aikata sun ci riba, amma mai neman hutu a ofis gara ya nemi kwanakin da za su yi masa daidai ko azumi ya yi 29 ko ya cika 30.

Damina ita ma a saka ta a lissafi. A watan Oktoban 2022 ruwa ya shafe hanyar Lokoja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. A ƙarshen Mayun 2025, ana saura kusan mako guda Babbar Sallah, ambaliyar Mokwa ta hallaka mutane masu yawa, ta kuma lalata hanya. Labarin hanya na gaskiya yana bakin direbobin tasha da suka sauka jiya, a tambaye su.

Mota kuma a kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in gyaran ya bar baya da ƙura a gani a cikin gari. Juye, birki, lagireto, tayoyi, safaya mai iska, jek, takardu. Mai kuwa, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ya zama babban kaso: motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 220 zuwa da dawowa, ban da yawon cikin gari da kuɗin masauki na dare biyu.

In an tara wannan duka aka ga kwanakin ba su kai bakwai ba, ko kuma direba ɗaya ne a motar, ni shawarata a ajiye ta. A tura iyali tun da wuri, maigida ya bi jirgi ko motar haya daga baya. Wanda kuma ya tafi da tasa, ya yanke tun daga Legas gidajen da zai shiga cikin kwana ukun nan: iyaye, surukai, maƙabarta, sai gida ɗaya ko biyu na tsofaffin da ba a aika musu gaisuwa. Gwaggon da ke Gumel a kira ta a waya tun ranar Sallah da safe, a tura mata goronta, a faɗa mata gaskiya cewa bana ba za a iso ba.