Ƙarfin Dutse Yana Cikin Ƙwayoyinsa

Mai haƙa rijiya a ƙasar Maradun ko Bakura yakan gane dutse tun daga ƙarar diga. Wani ya yi ƙara kamar ƙarfe, wani ya amsa a dushe, ya ruguje. Abin da kunnensa ke ji, injiniya yana ganinsa da ido ta madubin ƙara girma.

Ga yadda ake yi. A yanko ɗan guntun dutse, a manna shi jikin gilashi, a yi ta goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, yadda haske zai ratsa shi. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Clifton Sorby, shi ya fara wannan aiki wajen 1849. Daga nan sai a dubi ƙwayoyin: girmansu, siffarsu, da yadda suka riƙe juna.

Riƙon nan shi ne kan magana. Dutsen giranit, irin wanda ya cika tsakiyar Zamfara, ƙwayoyinsa sun sarƙe kamar yatsun hannu biyu, shi ya sa tsaga ba ta samun hanya miƙaƙƙiya. In ƙwayoyin ƙanana ne, ƙarfin yakan ƙaru. Dutsen yashi kuwa, wanda ake tararwa in an nufi Sakkwato, ƙwayoyinsa mulmulallu ne, abin da ya haɗa su kawai ke riƙe da su. Akwai kuma dutsen shist na wajen Maru da Anka, wanda ma'adinansa suka jeru shafi-shafi: ta wani gefen gagarau ne, ta wani kuwa ɓarewa yake yi. Madubin yana tona wani asirin ma, wato ma'adinin felsfa da ruwa ya fara mayar da shi yumɓu alhali dutsen a ido garau yake.

Madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara, tsawonta ya haura kilomita 5. Gini irin wannan ba ya son ruɓaɓɓen dutse, ko a ƙarƙashinsa ko a tsakuwar kankarensa.

A 1987 wasu masu bincike, Howarth da Rowlands, suka fito da lissafin da ke mayar da siffar ƙwayoyi lamba guda don kintata ƙarfin dutse. Amfaninsa babba ne inda babu injin matse dutse, amma kintace ne. Wanda zai ɗora gada ko madatsa, sai ya kai dutsen an matse shi har ya fashe.