Wa Ke Cika Shafin Farko na Burauza da Talla?

Duk mai buɗe Edge a kwamfuta ko Opera Mini a waya ya san wannan: kafin ya rubuta adireshin da ya zo nema, an riga an jera masa labaran 'yan fim, takalmi mai rangwame, wani lokaci har da tambarin kamfanin caca. Shi bai nema ba, kuma ba a tambaye shi ba.

Sanadin ba ɓoyayye ba ne. Burauza kyauta ake ba da ita, amma injiniyoyin da ke kula da ita albashi suke karɓa. Abin da kamfani zai iya sayarwa shi ne wurin da ido ke fara sauka, kamar yadda rumfar bakin ƙofar kasuwa ta fi ta lungu tsadar haya. Shari'ar gwamnatin Amurka da Google ta tona darajar irin wannan wuri: a 2021 kaɗai, kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 don injin bincikensa ya zama shi ake tararwa a burauzoji da wayoyi tun daga farko. Ba a zuba kuɗi haka sai an tabbatar cewa yawancin mutane ba sa taɓa saiti.

Labarin Firefox ya fi koyarwa, domin Mozilla, mai burauzar, gidauniya ce da ta yi suna wajen kare sirrin mai amfani. A 2014 ta fara sa tallace-tallace a sabon shafi, ta janye a ƙarshen 2015, ta sayi manhajar adana labarai ta Pocket a 2017, sannan a 2018 tallan ya dawo sanye da rigar labarai. Uzurinta mai ƙarfi ne: mafi yawan kuɗin shigarta daga Google suke fitowa, wato daga babbar kishiyarta. Idan Firefox ta mutu, in ban da Safari ta Apple, kusan sai dangin Chromium na Google ya rage, tunda Edge da Opera da Brave duk a kansa aka gina su. Saboda haka ban ɗauki talla a kan kansa a matsayin laifi ba.

Inda matsalar take shi ne cakuɗa talla da labari. Akwati iri ɗaya, hoto iri ɗaya, sai wata 'yar kalma ƙanƙanuwa, galibi da Turanci, da ke nuna an biya kuɗi. Mai sauri ba ya ganinta. Kuma tunda yawan latsawa ne ke kawo riba, kanun da ya fi tayar da hankali shi ke hawa sama. Microsoft, mai Edge, ta sallami editocin shafin labaranta na MSN da dama a 2020, ta miƙa aikin ga na'ura. A Oktoban 2023 jaridar Guardian ta kai ƙorafi bayan da na'urar ta liƙa ƙuri'ar jin ra'ayi kusa da labarinta na mutuwar wata mata a Ostireliya, tana neman masu karatu su cinci abin da ya kashe ta. Jaridar ce ta sha zagi, alhali ba ita ta sa ba.

A wurinmu akwai ƙarin asara da mai intanet na wata-wata a Turai ba ya ji. Hotunan nan da datar mai waya suke saukowa, datar da ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Mutum na biyan kuɗi don a yi masa talla.

Ana iya kashe yawancin waɗannan abubuwa a saiti, gaskiya ne, sai dai makashin na can ciki, shi kuwa tallan a kunne yake zuwa. Wanda ya sayi Tecno ko itel ya tarar da burauza a ciki, da wuya mai shago ya nuna masa inda makashin yake.